Addu'ar asuba a bayan littafin awo

Litinin, 6 ga Janairu 2025, Tawa

Yau na fara abin da na daɗe ina ɗagawa, wato ware wa kaina lokacin addu'a na kowace rana, ni kaɗai, ban da sujadar Lahadi da kuma ƴar godiyar da muke yi a gurguje kafin mu sa hannu a kwano. Shekaruna arba'in da uku, sana'ata ɗinki, kuma a gidan Kirista aka haife ni, domin mahaifina ya ba da gaskiya ne bayan doguwar jinyar da ya yi a asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950. Amma duk da wannan gado, in aka tambaye ni yaushe nake magana da Allah, amsar gaskiya ita ce sai wani abu ya taso: yaro ya kwana da zazzaɓi, ko mai gida ya aiko a kan kuɗin haya, ko dare ya yi mana a kan hanyar Ƙonni.

Abin da ya tunzura ni tambaya ce da maƙwabcin shagona ya yi mini a makon jiya. Dattijo ne mai sayar da zare da maɓallai, mun yi shekara tara muna shan shayi a inuwa ɗaya. Ya idar da sallar la'asar yana naɗe dardumarsa, sai ya ce, “Malam tela, ku kuma ƙarfe nawa ne taku sallar?” Babu zolaya a muryarsa, so yake ya sani. Na ce, “Alhaji, mu ai kowane lokaci muna iya yin addu'a.” Ya ce madalla, lalle an yi mana sauƙi. Amsar da na ba shi daidai ce, Bulus ma ya rubuta wa Tasalonikawa cewa su yi ta addu'a ba fasawa, amma a kan hanyata ta komawa gida na gane cewa a wurina “kowane lokaci” ya daɗe da komawa “babu lokaci”.

Tsarin da na yanke ƙarami ne da gangan. Zan tashi da kiran asuba na masallacin unguwarmu, wanda a wannan wata yake faɗowa wajen ƙarfe biyar da rabi, tun da ko ban so ba ina jin sa. Zan shiga ɗakin ajiya inda buhunan gero suke, in shimfiɗa tabarma, in kunna tocila, in karanta Zabura ɗaya bi da bi, in faɗi Addu'ar Ubangiji a hankali, sannan in ambaci bukatun ranar. Minti goma sha biyar ne kawai. A shafin ƙarshe na littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki zan riƙa jan layi a ranar da na yi, in zana sifiri a ranar da na fasa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana goma sha huɗu ke nan, layi goma sha ɗaya, sifiri uku. Duka ukun sanyin hunturu ne ya jawo su, domin na ji kiran, na ce bari in ƙara minti biyar a cikin bargo, ban farka ba sai da rana ta fito.

Matsalar da ta fi sanyi girma ita ce yawon hankali. Da zarar na rufe ido sai in tsinci kaina a shago, ina lissafin shaddar wane da ba a yi wa wuya ba da atamfar wance da ta rage kalmasa. Na gwada abu biyu kuma duka sun taimaka. Na farko, na daina yin addu'a a zuci kawai, ina furta ta da baki ƙasa-ƙasa yadda ba za ta tashi yara ba, idona a buɗe a kan shafin, domin harshe in yana aiki hankali ba ya samun sararin gudu. Na biyu, na ajiye fensir kusa da ni, in wani aikin shago ya faɗo mini sai in rubuta shi da kalma ɗaya in bar shi a takarda har gari ya waye.

Na kuma lura da wani abu game da harshena. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma Hausar da ke cikin wanda nake karantawa ta ɗan bambanta da tamu ta Adar, har na saba ɗauka cewa sai da irin waɗannan kalmomi ake tinkarar Allah. A sati na biyu na bar karatun yadda yake a rubuce, amma in na zo kan bukatuna sai in faɗe su da Hausar da nake yi da innata. A take na ji nauyin abin da nake faɗi ya ƙaru, don mutum ba ya iya ɓuya a bayan harshen gidansu.

Wannan mako ne aka cika shekara goma da ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015. Zabura 10, wadda ta buɗe da tambayar Ubangiji dalilin da ya sa ya tsaya daga nesa, ta faɗo mini a daidai waɗannan kwanaki. Na yi addu'a domin waɗanda suka yi hasara, na kuma yi domin waɗanda suka kunna wutar kamar yadda Matiyu 5:44 ya umarta, na gode wa Allah kuma saboda maƙwabta Musulmi irin nawa, waɗanda ban taɓa ganin komai daga gare su ba sai mutunci.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau na kai Zabura 23, amma wadda ba ta bar ni na huta ba ita ce ta 15, da na karanta kwana tara da suka wuce. Tana tambayar wane ne zai zauna a alfarwar Ubangiji, a cikin amsar kuma akwai mutumin da yake cika alkawarinsa ko da zai cutu. Na karanta ayar sau uku da tocila a hannu, na kasa wucewa.

Kowa a garin nan ya san alkawarin tela. Mutum ya kawo yadi, ka san sarai akwai ɗinki goma sha biyu a gabansa, amma ka dube shi ka ce ya dawo jibi, saboda in ka faɗi gaskiya zai naɗe yadinsa ya kai shagon gaba. Jibi ta yi ya zo, ka ce an ɗauke wuta, ko yaron shago bai zo ba, ko saura guga kawai, alhali ko almakashi bai taɓa yadin ba. Na yi shekara ashirin ina wannan ban taɓa kiran sa ƙarya ba, sunansa a wurinmu dabarar sana'a. Ban taɓa kai shi gaban Allah ba kuma, domin addu'ar da ake yi sai an shiga uku ba ta da lokacin duba irin waɗannan abubuwa, roƙo take yi ta tashi.

A ranar wata mata ta kawo turmi biyu na atamfa tana so kafin sunan jikarta. Bakina ya riga ya buɗe zai ce jibi, sai na tuna cewa da wannan bakin ne na karanta ayar da asuba. Na ce, “Hajiya, gaskiya ba zan iya ba sai bayan kwana takwas.” Ta yi shiru, ta ce sunan saura kwana biyar, ta ɗauki kayanta ta tafi. Na yi hasarar kamar jaka shida, kuma ba zan ce ban ji zafinta ba. Abin da na fahimta shi ne, in mutum yana tsayawa gaban Allah kowace safiya, to ya riga ya buɗe masa ƙofar shagonsa, kuma ba zai iya cewa a tsaya a bakin zaure ba. Matiyu 5:37 ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a, kuma ban ga inda aka cire maɗinka a ciki ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Bayan sujada na raka wani dattijon ikkilisiyarmu gida, muka ratsa ta gefen kasuwa da ke ci yau, ga buhunan albasar Galmi an jibge. Tsohon manomi ne, ya haura saba'in, kuma tun ina yaro nake jin ana cewa shi mutum ne mai addu'a. Na nuna masa shafin layuka da sifirai. Ya duba ya ce, “Ɗana, wannan lissafi yana da kyau in dai ba za ka kai wa Allah shi kamar takardar bashi ba.” Sannan ya tambaye ni su wa nake yi wa addu'a. Da na lissafa, sai ga shi duk cikin katangar gidana ne: ni, uwargida, yara huɗu, da shago.

Ya tuna mini da abin da fasto ya koyar a bara game da Sifiriyan, shugaban ikkilisiyar Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a shekara ta 258. Sifiriyan ne ya jawo hankali cewa Yesu bai koya mana mu ce “Ubana” ko “ka ba ni abincina” ba, ya ce “Ubanmu” da “abincinmu”, saboda haka ko mutum yana shi kaɗai a ɗaki, a madadin jama'a yake tsaye. Baba, wato dattijon, ya ba ni shawarar in raba mutane bisa kwanakin mako, na kuwa yi haka. Litinin ta iyali ce, Talata ta dangin da ke ƙauye da waɗanda suka tafi cirani, Laraba ta ikkilisiya da fasto, Alhamis ta maƙwabta da masu kawo mini ɗinki, Juma'a ta shugabannin ƙasa da sojojin da ke daji da zaman lafiyar Nijar, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ya ce a yi domin masu mulki, Asabar ta marasa lafiya, Lahadi kuma godiya zalla ba roƙo. Minti goma sha biyar sun zama ashirin da biyar ba tare da na shirya ba.

Akwai suna ɗaya da ya kamata ya shiga Talata wanda ban rubuta ba. Na san dalili, zan dawo kansa.

Lahadi, 16 ga Maris

Abin ya rushe. Tun da aka fara azumi a farkon watan nan ɗinkin salla ya taso, kuma duk da darasin Zabura 15 na karɓi fiye da ƙarfina, saboda a wannan wata ne tela yake samun abin da zai riƙe shi wata uku. Muna kwana a kan keke har ƙarfe uku na dare, in an ɗauke wuta mu koma na ƙafa da fitila. Kiran asuba yana samuna ne ina cikin barcin farko. A kwana goma sha biyar na ja layi huɗu kacal.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyar komawa. Bayan sifiri biyar a jere sai na ji kamar wanda ya daɗe bai gai da surukinsa ba, kowace rana da ta ƙaru tana ƙara wa zuwan nauyi. Uwargida ce ta ce, “Baban yara, ko ba ka shiga ɗakin ba, ai bakinka yana tare da kai a shago.” Tun daga nan, in na zare zare zan sa a allura, nakan ce “Ya Ubangiji, ka yi mini jinƙai,” in ci gaba da aiki. Nehemiya ma tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi addu'a ga Allah na Sama. Ban ja wa wannan layi ba domin ba shi ne alkawarin da na ɗauka ba, amma shi ya hana igiyar tsinkewa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Salla ta wuce, shago ya yi tsit. Lissafin watan azumi bai yi kyau ba: daga 2 zuwa 30 ga Maris layi bakwai, sifiri ashirin da biyu. Mutum uku kuma ban gama musu kayansu ba sai daren salla, ɗaya ma sai bayanta, na je har gida na ba shi haƙuri ba tare da na ɗora wa wuta laifi ba.

Shekaranjiya na koma ɗakin ajiya, Zabura 55 ce ke jira na, a aya ta 17 kuma mai zaburar yana cewa da maraice da safe da tsakar rana yake kai kukansa. Wannan ya nuna mini inda tsarina yake da rauni. Na rataya komai a ƙusa ɗaya, wato asuba, ranar da ƙusar ta fita kuwa sai komai ya zube. Da na bincika sai na ga mutanen Allah tun da can ba su yi haka ba. Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima. Bitrus ya hau kan soro yin addu'a da tsakar rana a Yafa, shi da Yahaya kuma sun tafi Haikali a lokacin addu'a na ƙarfe uku na yamma. Fasto ya ƙara mini da cewa wani tsohon rubutun ikkilisiyar farko da ake kira Didake ya umarci masu bi su faɗi Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Ashe ƙayyade lokaci ba aron al'adar maƙwabta ba ne kamar yadda wasu ƴan'uwa suke tsoro, gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

Saboda haka na ƙara ƙusa biyu ƙanana. Da azahar, lokacin da layinmu yake yin shiru kowa ya tafi masallaci, zan tsayar da keke in juya baya ga ƙofa in faɗi Addu'ar Ubangiji, abin da bai fi minti biyu ba. Da dare kuma, kafin in kwanta, zan waiwayi yinin in ambaci abu ɗaya na godiya da abu ɗaya na tuba. Layi a littafi dai na asuba ne har yanzu.

Litinin, 21 ga Afrilu

Jiya muka yi Idin tashin Almasihu daga matattu, kuma lokaci ya yi da zan rubuta batun sunan da na tsallake. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A 2021 ya karɓi jaka ɗari da hamsin da na tara domin sayen keken surfani, ya ce zai yi kuɗin mota da jari zuwa Abijan kamar yadda samarin Adar da yawa suke yi, in ya kama aiki zai mayar kafin shekara. Ya aiko da gaisuwa wata shida, daga nan ya daina ɗaukar wayata, ko da yake ina jin labarinsa a bakin masu dawowa, yana lafiya yana sana'arsa. Innarmu tana kuka a kan wannan rabuwa, ni kuwa nakan ce mata na bar shi da Allah, alhali abin da nake nufi shi ne Allah ya saka mini.

Tun da na koma faɗin Addu'ar Ubangiji sau biyu a rana, akwai wurin da harshena yake sauri, wato inda muke roƙon a gafarta mana laifofinmu kamar yadda mu ma muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi. Wanda yake faɗin wannan sau ɗaya a mako cikin taron jama'a zai iya bin muryoyi ya wuce. Wanda yake faɗinta shi kaɗai sau goma sha huɗu a mako, a ɗakin da babu kowa sai buhunan gero, dole wata rana ya ji abin da yake roƙa wa kansa. Yesu bai bar wurin shakka ba, domin a Matiyu 6:14-15, nan da nan bayan addu'ar, wannan jimla kaɗai ya koma ya yi wa bayani.

Ranar Juma'a da aka karanta mana Luka 23, inda yake roƙa wa masu gicciye shi gafara tun suna kan aikin, na gane cewa ina jiran ƙanena ya fara tuba ne kafin in saki. Asabar da asuba na ambaci sunansa da baki a karo na farko cikin shekara uku, muryata tana rawa. Da rana na aika masa da saƙon murya ta WhatsApp. Na ce, “Ƙanena, ni ne yayanka. Maganar kuɗin nan na yafe, kada ta hana ka kiran Inna, kada kuma ta hana ka zuwa gida.” Alamar ta nuna ya saurara a daren. Har yanzu bai ce komai ba. Na rubuta sunansa a Talata.

Lahadi, 11 ga Mayu

Zafi ya kai inda ya kai, ma'auni yana haura 43 da rana, ɗakin ajiya mai rufin kwano kuma ko da asuba kamar tanda yake. Duk gidan a tsakar gida muke kwana, saboda haka na mayar da tabarmata gindin dogon yaro a bayan ɗaki. Da farko na damu da maganar shiga ɗaki a rufe ƙofa ta Matiyu 6:6, amma Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa ya fita tun da sauran duhu zuwa wurin da babu kowa, abin da ake gudu dai shi ne yi don a gani. Ƴata mai shekara bakwai da haihuwa ta farka wata rana ta ce, “Baba, da wa kake magana?” Na gaya mata. Ta zauna a gefen tabarmar har na gama, barci ya sake ɗauke ta a nan.

Layuka suna tafiya daidai, amma yau kusan sati uku ke nan ban ji komai ba. Ina karantawa, ina ambatar sunaye, kalmomin suna fita kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ƙanena bai amsa ba, wata ƴar'uwa da muka yi wata biyu muna roƙa mata sauƙi ta rasu, kuma shekaranjiya na iso Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu ba tare da ko jimla ɗaya ta samun sauƙi ba. Abin mamaki, ita ce ta fi ba ni natsuwa, domin in Allah ya yarda a ajiye irin wannan addu'a a cikin Littafinsa, to ba ya bukatar in ƙawata masa halin da nake ciki.

Na kai wa Baba, dattijon nan na ikkilisiya, kukana bayan sujada. Ya ce, “Ɗana, ka taɓa yin binne?” Na ce na yi tare da mahaifina. Ya ce to in tuna yadda ake yi: ana saran busasshiyar ƙasa a zuba iri a rufe tun babu ko gajimare, ƙura tana shiga ido, mai yi ba ya jin daɗin komai, kuma ba shi da iko a kan ranar da ruwa zai sauka, amma ranar da ya sauka gonarsa ta riga ta maƙwabta. Ya ce in ci gaba, in bar auna addu'a da abin da nake ji a ƙirji. Ya kuma nuna mini Romawa 8:26, cewa ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Litinin, 9 ga Yuni

Babbar salla ta wuce, jiya kuma muka yi Fentikos. Wannan karo na ƙidaya abin da ni da yaran shago biyu za mu iya ɗinkawa in muna rufewa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da na kai adadin na daina karɓa. Na mayar da mutum goma sha ɗaya, kuɗin da ya shigo bai kai na ƙaramar salla ba, amma kowa ya karɓi kayansa a ranar da na faɗa masa, sifiri biyu kawai na zana a makonni biyun. Kiran asuba yanzu ya matso kafin ƙarfe biyar, sai na matso da kwanciyata. Alhaji ya lura da tsayawar da nake yi da azahar, har in wani ya zo nemana a lokacin yakan ce masa ya ɗan jira, tela yana addu'a.

Laraba, 16 ga Yuli

Zabura 119 ta ɗauke ni daga 13 ga Yuni zuwa 7 ga Yuli, domin ayoyinta 176 ne a kashi 22, kowane kashi aya takwas, na kuwa bi ta kashi ɗaya a rana maimakon in haɗiye ta a zama guda. Jiya na karanta ta 126, mai maganar masu shuka da hawaye, a daidai lokacin da geron ƴar gonarmu ta bayan gari ya yi kwana goma sha biyu bai ga ruwa ba, ganyensa ya fara naɗewa. Ina roƙon ruwa kowace safiya ba tare da jin kunya ba, tun da Yakubu ya ce Iliya mutum ne kamarmu, kuma roƙon da nake yi na gonakin unguwa ne gaba ɗaya.

Ranar Talatar makon jiya saƙo ya shigo daga Abijan, na daƙiƙa goma sha tara. Ya ce, “Yaya, na ji saƙonka. Yaya Inna, yaya damina?” Bai ambaci kuɗi ba, bai ce a yi haƙuri ba. Na saurare shi sau biyar. Wani ɓangare na zuciyata ya so ya ji fiye da haka, kuma sai da na kai wannan ɓangaren gindin dogon yaro washegari na sake yafewa, domin na gano yafiya irin wannan ba a gama ta a zama ɗaya. Na amsa masa da labarin gona. Ya kira Inna ranar Juma'a.

Litinin, 11 ga Agusta

Da asubar yau na karanta Zabura 150. Daga 6 ga Janairu zuwa yau kwana 218 ne, layi 171, sifiri 47, kusan rabinsu a watan azumi. Ruwa ya dawo, na koma ɗakin ajiya saboda sauro da laima, buhunan gero sun ragu saura ɗaya da rabi. Addu'ar azahar ta zauna sosai, ta dare ce har yanzu take tangal-tangal, domin sau da yawa barci yana riga ni kafin in kai ga tuba. Uwargida ta ce mu riƙa yin ta tare da zarar yara sun kwanta, a zaune ba a kwance ba, kuma daren yau za mu fara.

Littafin awon ya cika, na sayi sabo, na kuma ja layukan kwanaki a shafinsa na ƙarshe tun kafin in rubuta awon kowa. Gobe zan koma Zabura 1, in haɗa da ƴan ayoyi daga Bisharar Luka, wadda nake so in bi a hankali har in kai sura ta 11, inda ɗaya daga cikin almajiran ya roƙi Yesu ya koya musu yin addu'a. A jerin Alhamis na ƙara sunan matar nan mai turmi biyu na atamfa, wadda ba ta sake dawowa shagona ba.